Barci ga mai wankin ƙoda: yadda ake sassauta jiki da dare

Mai wankin ƙoda yakan yi kusan awa huɗu a kan na'ura, rabi a farke rabi a gyangyaɗi. Wanda ya taso daga Daura da asuba don ya kama layi a Katsina kuwa, yana isa gida a galabaice sai ya sake kwanciya barci bayan la'asar. To ina barcin dare zai fito? A nan za a fara gyara: barcin rana kada ya wuce minti 30, kuma a yi shi kafin la'asar. Goro da shayi da kofi a haƙura da su daga azahar, don sinadarin da ke cikinsu yana daɗewa bai bar jiki ba.

Bayan isha'i a ajiye waya, a kwanta rigingine da matashi biyu a ƙarƙashin kai da kafaɗu. A ɗora tafin hannu a ciki, a shaƙi iska ta hanci ana ƙirga huɗu, a sake ta a hankali ta baki ana ƙirga shida. Ciki ne zai riƙa tashi, ba ƙirji ba. Wanda ƙirga ke gundura ya sa tasbihi a madadinta. In jiri ya zo, an cika zuƙa ne, a rage.

Sai sassauta gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya: yatsun ƙafa, cinya, kafaɗu, fuska. A ɗaure kowace na daƙiƙa 5, a saki na daƙiƙa 15, hankali yana kan sakin. Hannun da aka yi wa aikin jijiya don wanki a tsallake shi, kuma ba a kwanciya a kansa, domin danne shi na iya toshe hanyar jinin. Mai bututun wanki a wuya shi ma ya ƙyale wuya da kafaɗar wannan ɓangaren. Daren ranar wanki kada a ɗaure ƙwauri da ƙarfi. An ɗebe ruwa daga jiki, tsoka tana saurin murɗewa. Miƙar da ƙafa a hankali ta wadatar.

Akwai rashin barcin da numfashi ba ya maganinsa. Ƙafafun da ke ƙin zama wuri guda da dare sau da yawa suna da alaƙa da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini, gwaji ne zai nuna. Piriton da ake saya a kemis don a samu barci yana iya ƙara tsananta matsalar ƙafafun. Ƙaiƙayi yakan ƙaru idan fosfet, wani sinadari da ke cikin abinci, ya taru a jini, hunturun Katsina kuma ya busar da fata. A shafa man kaɗanya bayan wanka, a sha maganin fosfet tare da abinci yadda likita ya ce. Jiƙe-jiƙen gargajiya da ake sha don a samu barci, a nisance su.

Wanda numfashinsa ke sarƙewa da zarar ya kwanta, sai ya tashi zaune yake samun sauƙi, mai yiwuwa ruwa ne ya taru a huhu. A kai shi asibiti a daren, kada a jira ranar wanki.