Daga Zariya zuwa Agadas da iyafis a kunne

Bikin ɗan kawuna ne ya kai ni Agadas. Yaron ya daɗe can yana sayar da kayan gyaran mota har ya samu mata a garin, to dole dangi na nan su tura wakilai, aka ce ni da wani yayanmu mu je. Ni kuwa da ma dalili nake nema. Tun bara na faɗa cikin wani irin kiɗa da babu mai jure masa a gidanmu, jaz na shekarun 1960 da rok ɗin nan da ake ce wa saikedelik, irin wanda waƙa ɗaya sai ta ci minti sha biyar ko ashirin ba ta sauka ba, kuma a gida ba ka isa ka ji ta daga farko zuwa ƙarshe ba, ko a aike ka ko waya ta yi ƙara ko wani ya leƙo ya ce wai lafiyarka kuwa. Sai na cika memori da faya-fayai, na yi cajin fawa bank, na ce hanya ta yi min maganin sauran.

Muna tashi daga Kwangila na saka Yusef Lateef, kuma da gangan na fara da shi. Mutane da yawa a Zariya ba su san cewa wannan bawan Allah, mai busa saksofon da sarewa wanda ya taso a Detroit ta Amurka, ya zauna a garinmu daga 1981 zuwa 1985 yana bincike a cibiyar nazarin al'adun Najeriya ta jami'ar Ahmadu Bello ba, kuma sarewar Fulani na cikin abin da ya duƙufa a kai. Musulmi ne tun yana matashi. Faifansa Eastern Sounds na 1961 na saka, mai sanyi ne sosai, busa a hankali ba gaggawa, daidai da safiya kafin rana ta buɗe. Yana da wani da ya ɗauka a Legas a 1983 mai suna In Nigeria, shi kam ganguna sun fi yawa, amma ni na farkon ya fi kwanta min, abin da nake ji ke nan ba zan ɓoye ba.

Kano ba mu tsaya ba sai canjin mota. Daga nan Daura, sai Kwangwalam, inda dole ka cire komai daga kunne ka nutsu ka nuna takardu ka amsa tambaya, ka canji kuɗi zuwa sefa, ka yi sallama da sabis ɗin layinka. Ta Matamai muka bi muka shiga Damagaram da yamma, muka kwana wajen wani abokin kawu a Zango. Na so in zaga Birni in ga fadar sarki da kyau amma yayana ya ce biki muka zo ba yawon buɗe ido ba, kuma motar Agadas da asuba take tashi.

To daga Damagaram ne tafiyar ta zama tafiya. Kilomita wajen 450 ne zuwa Agadas, ka wuce matatar mai da ke arewa da garin, gonakin gero su yi ta raguwa, itatuwa su yi ta gajarta, har ka kai Tanut. A nan na saka A Love Supreme na John Coltrane, mai busa saksofon. Su huɗu ne kawai, shi da McCoy Tyner a fiyano da Jimmy Garrison a bes da Elvin Jones a ganguna, kuma a zama ɗaya suka ɗauke shi ranar 9 ga Disamba 1964. Abin da ya riƙe farkonsa gaba ɗaya sauti huɗu ne da mai bes ke ta maimaitawa, ba ya zuwa ko'ina, shi kuma Coltrane ya hau kai ya yi ta kewaye, ya je ya dawo ya je ya dawo, can kuma sai ka ji muryarsa da kansa yana maimaita sunan faifan kamar mai wuridi. A ɗaki na sha jin sa ina duba agogo. A wannan hanyar da ka duba taga yanzu ka duba bayan rabin awa abu ɗaya ne, wallahi sai na ji ya yi gajarta.

Wani dattijo ne kusa da ni, ɗan kasuwar dabbobi daga wajen Tanut, ya ga ina ta gyaɗa kai sai ya taɓa ni.

"Ɗana, karatu kake saurare ne?"

Na ce a'a Baba, kiɗa ne na Amurka. Ya ce in ba shi ya ji. Na saka masa kunne ɗaya, ya yi shiru ya saurara sosai, sannan ya cire ya miƙo min ya ce, "Wannan mai algaitar wane sarki yake yi wa busa?" Na ce Baba ba sarki, shi dai ya ce godiya yake yi wa Ubangiji. Ya ce to madalla, amma mai gangar ya fi shi iya aiki. Kuma ni ban yi masa musu ba, don Elvin Jones ai ba mutum ɗaya kake ji ba in yana kiɗa.

Wannan maganar ta Baba ce ta sa na tsallake jerin da na shirya na koma kan Jimi Hendrix, mai jitar rok, da faifansa Electric Ladyland na 1968, amma wannan karon na ƙyale jitar na bi mai ganga. Mitch Mitchell sunansa, Bature ne ɗan Ingila, kuma sananne ne cewa Elvin Jones yake koyi da shi. Da ka ji su a jere sai ka gane katangar da ake cewa akwai tsakanin jaz da rok ɗin wancan lokacin ba ta kai gwiwa ba. Haka ma The Byrds, waƙarsu Eight Miles High ta 1966 da ake lissafawa cikin na farko-farkon saikedelik, a mota suka samo ta, suna yawon wasa gari-gari suna ta juya tef ɗin Coltrane da na Ravi Shankar, makaɗin Indiya, har mai jitarsu ya ce bari ya gwada yin busar saksofon da jita mai tsirkiya sha biyu. Wato su ma hanya ce ta dafa musu kunne. Sai kuma abin ya juya, Miles Davis, gwanin jaz, ya shiga situdiyo ranar 19 ga Agusta 1969, washegarin da Hendrix ya rufe babban taron kiɗa na Woodstock, da jita mai lantarki da masu ganga fiye da ɗaya da masu bes biyu, suka yi kwana uku suna kiɗa, daga baya furodusa Teo Macero ya zauna ya yayyanka tef ya liƙa, aka samu Bitches Brew. Shi wannan faifan jin farko kamar ka tsaya tsakiyar Kantin Kwari ana jajibirin salla ne, kowa na magana ba mai sauraren wani, sai ka daɗe a ciki kafin ka gane akwai tsari.

Ba duka ne suka ci jarabawar hanya ba fa. Faifan farko na Pink Floyd, na 1967, wanda nake ji da shi a gida, tsakanin Tanut da Adarbisinat ya zame min wasan yara, ƙananan ƙararraki da muryoyin almara alhali mota na faɗawa rami tana fita, ƙura ta cika mana hanci, ga shingen jandarma a sauka a hau. Na kashe shi. Duk abin da ba shi da ganga mai nauyi ƙarar inji cinye shi take yi. Direba kuma ya saka nasa a sifika, wa'azi, daga baya waƙoƙin finafinan Kano, daga baya sai ga jitar Abzinawa, kuma daga nan ban sake mayar da iyafis ba har muka hango fitilun gari.

Agadas da safe abin da ido ke fara kamawa hasumiyar babban masallaci ce, ta laka, mita 27, itatuwa sun fito mata ta ko'ina, asalinta tun 1515 aka sake gina ta a 1844, kuma tun 2013 tsohon garin ke cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO. Hausa kowa ke yi a kasuwa, sai dai ka ji ta da wani lanƙwaso daban. Aka ɗaura aure lafiya, aka ci aka sha, shayi kam ban san adadin da na kurɓa ba, ga cuku da aka yi ta tura mana.

Da la'asar sakaliya aka ce a fito ga 'yan jita sun zo. A titi ne, ba zaure ba dandali, an shimfiɗa tabarmi mata sun zauna gefe guda cikin kwalliya, samari sun kewaye da babura, an tada janareta, sifikun duk sun sha jiki. Jita biyu, bes, da wani siririn yaro a kan ganguna. Suka fara a hankali kamar ba za a yi komai ba, mai jita ɗaya ya kama 'yar gajeriyar jimla ya yi ta nanatawa, ɗayan ya hau kai, mata na tafi suna guɗa, sai yaron nan ya fara ƙara wuta, kaɗan kaɗan, har kiɗan ya kai wani gudun da ban san lokacin da muka iso shi ba, sifika na ƙara tana tsagewa kuma tsagewar ma ta zama cikin kiɗan. Waƙa ɗaya ta fi minti sha biyar kuma babu wanda ya duba agogo, masu rawa na shiga fili biyu-biyu uku-uku suna fita, ana liƙi. Duk abin da na kwaso a memori, maimaici da kewaye da jitar da ke kuka, ga shi a gabana ana yi wa amarya, yara ƙanana na tsalle a kai. Ni da nake ɓuya da nawa a ɗaki kamar mara gaskiya.

Irin wannan fagen ne ya fitar da waɗanda duniya ke ji yanzu. Bombino ɗan yankin ne, faifansa na 2011 sunan garin ya ci. Etran de L'Aïr 'yan gida ɗaya ne da suka fara tun 1995 kuma da bukukuwan Agadas suka yi suna kafin su fara zaga Turai. Mdou Moctar kuwa, bahago kamar Hendrix, jitarsa ta farko da wayar birkin keke ya haɗa ta, kuma abin da ya fi ba ni dariya shi ne faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da muryar nan ta kwamfuta irin ta waƙoƙin finafinanmu, ya yaɗu daga waya zuwa waya ta bulutut kafin wani kamfani ya san da shi. Yau ka ji Afrique Victime na 2021 ka ce ba shi ba ne.

Da dare na tare mai jitar bikin yana naɗe wayoyi, na ce malam sannu da aiki, don Allah ka san Coltrane? Ya ce a wace unguwa yake. Hendrix kam ya sani, ya ce yana da bidiyonsa a waya, amma shi wajen yayansa ya koya, yayan kuma daga kasetocin 'yan jitar Abzinawa, Tinariwen da Abdallah Oumbadougou. Na saka masa ɗan kiɗan Miles Davis ya ji, ya saurara cikin ladabi ya ce suna da kyau amma yaushe za su fara waƙar.

Kafin mu juyo na je kasuwa wajen masu tura waƙa a memori, na ce a zuba min na bukukuwa zalla, waɗanda aka ɗauka da waya. Yaron ya cika min, yawanci ba suna ba komai sai lamba, wasu da kukan jariri a ciki wasu janareta ta fi jitar ƙara. Don a samu wuri sai da na goge Pink Floyd da rabin The Byrds. Coltrane da Lateef na bar su. Yayana da ya yi ta min tsiya tun daga Kwangila, muna wuce Adarbisinat a komowa ya ce in ba shi kunne ɗaya, kuma bai dawo min da shi ba sai Tanut, wai lamba 14 zan sake saka masa.