Abin da na ɗauka daga Kodaly na kai ajin yara

Duk wanda ya yi karatun koyar da kiɗa zai ci karo da sunan Zoltan Kodaly, mutumin Hangari da aka haifa a garin Kecskemet a 1882, ya rasu a Budapest a 1967. Ni ma ta ƙananan atisayensa na san shi, waɗannan gajerun layuka 333 da ya rubuta domin koyon karanta kiɗa da baki. Wanda ya zauna ya rubuta su shi ne mai Psalmus Hungaricus, babban aikin kiɗan da aka fara gabatarwa a 1923 a bikin cika shekara 50 da haɗe garuruwan Buda da Pest suka zama Budapest. Mutumin da manyan ƙungiyoyin makaɗa na duniya ke neman aikinsa bai ga ƙasƙanci ba a rubuta wa ɗan shekara shida waƙa mai sauti biyu. Wannan ya gyara mini zama. Ajin ƙananan yara ba wurin da ake ajiye malamin da ya rasa abin yi ba ne.

Tun 1905 ya fara shiga ƙauyuka yana tattara waƙoƙin manoma, ya soma da yankin Galanta inda ya yi ƙuruciya. Daga baya shi da abokinsa Bela Bartok suka riƙa ɗaukar muryoyin tsofaffi a kan mulmulallen kaki na na'urar Edison, su koma gida su yi ta saurare har sai sun rubuta kowace lanƙwasar murya. A lokacin, masu ilimin birni kiɗan Jamusawa suka sa a gaba, na ƙauye kuwa ba a ɗauke shi a bakin komai ba. A cikin waƙoƙin nan Kodaly ya tarar da tsohon kari mai sauti biyar, kuma a kansa ya gina koyarwarsa: yaro ya fara da waƙar harshen da ya sha a nono, daga nan ya ƙarasa ga manyan masu tsara kiɗa na Turai irin su Bach da Palestrina.

Abin da na fi amfana da shi a aiki shi ne tsarin jeri. Murya ce kayan kiɗan farko, domin kowane yaro da ita ya zo. Ba a fara masa da alamomi a allo. Za ka rera sauti biyu daga jerin do-re-mi, wato so da mi, na sama ya faɗo kan na ƙasa kamar mai kiran wani daga nesa, yara su maimaita. Hannunka yana nuna musu: so, tafin hannu a buɗe yana kallon ƙirjinka, mi, ka kifa shi ƙasa kaɗan, do kuwa dunƙulen hannu ne. Watarana sai ka yi shiru, hannu kawai ke motsi, ka ji aji ya ɗauki waƙar da kansa. A ranar suka fara karatu, alhali ba su taɓa alli ba. Sunaye da rubutu sai bayan kunne ya riga ya sani.

Ba shi ya ƙirƙiri alamomin hannun ba. Daga John Curwen na Ingila aka aro su, kalmomin ƙidayar bugu irin su ta da ti-ti kuma asalinsu Faransa ne. Abokan aikinsa da ɗalibansa ne suka harhaɗa abin da yau ake kira tsarin Kodaly. Wannan bai rage masa daraja a idona ba. Ya san abin kirki idan ya gani, kuma bai damu da a ce nasa ne ba.

A 1950 aka buɗe makarantar firamare ta farko mai waƙa kullum a Kecskemet, kuma a 2016 UNESCO ta sanya tsarin cikin kyawawan hanyoyin kare al'adun gado. Kalmar "kullum" ɗin nan ita ce nake ta fama a kanta da masu tsara jadawalin darussa. Minti goma kowace safiya sun fi awa guda a mako nesa ba kusa ba, domin kunnen yaro yana sakin sautin da aka bar shi kwana shida bai ji ba.