Tambayar da Na Amsa da "A'a"

Tun ina yaro a unguwar Mabera da ke Sakkwato, duk lokacin jigilar alhazai nakan bi yayana zuwa filin jirgin sama na Sarkin Musulmi Abubakar na III don kawai in ga tashin jirgi. Burin zama matuƙi bai taɓa barina ba, amma a jami'a na faɗa shan kodin da tiramadol, da farko wai don in raba dare ina karatu, har sai da mahaifina ya kai ni wurin likita. Lokacin da gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin a 2018, na yi watanni da dainawa.

Ƙannena masu hangen kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, ku sani cewa lasisi ba ya aiki sai da takardar shaidar lafiya, wadda ake samu ta hannun likitocin da NCAA, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Najeriya, ta amince da su, kuma mai son tuƙa jirgin fasinja, takardar lafiya ta aji na ɗaya ake nema daga gare shi. Bayan gwajin ido da ji da zuciya da fitsari, akwai fom da ke tambayar ko mutum ya taɓa fama da shaye-shaye. Da na je nawa gwajin, na daɗe riƙe da biro a kan wannan layi, sannan na zaɓi "a'a".

Likitan ya ga tabon tiyata a gwiwar hannuna, ya ce in kawo fayil ɗina na asibiti. A cikinsa, tsakanin takardar hoton ƙashi da rasit, ga wasiƙar da aka tura ni ga likitan ƙwaƙwalwa, da sunan ƙwayar ƙuru-ƙuru. Ya cire tabarau, ya ce, "Ɗana, shan da ka yi muna da hanyar bi da shi, amma me zan yi da sa hannunka?"

Abin da na jahilta shi ne tarihin shaye-shaye ba ya rufe ƙofa har abada. Ƙa'idar ICAO, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ta bar damar a sake duba wanda aka yi wa magani ya warke, a Amurka ma dokar FAA, hukumarsu ta jiragen sama, ta ambaci aƙalla shekara 2 ba tare da ya sake taɓawa ba. Hujja ake nema: rahoton likitan da ya kula da kai, da sakamakon gwaje-gwaje a jere. Ƙarya kuwa tana sa a yi shakkar duk sauran amsoshinka, kuma ko an ba ka takardar, ana iya ƙwace ta ranar da asiri ya tonu.

Wanda har yanzu yake sha, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware bai yi nisa ba, kuma kunyar a gan ka a can ba ta kai ta gaban teburin wancan likita ba. Wanda ya daina, ya adana kowace takarda da kwanan watanta. Ni sai daga baya na fara tara nawa, bayan kuɗin makarantar da mahaifina ya sayar da gona ya haɗa sun riga sun tafi wata hidimar.