Inna ta samu kujera

Alhamdu lillahi, yau muka kammala biyan kuɗin kujerar Makka ta Inna.

Shekara da shekaru tana tuyar ƙosai a ƙofar gidanmu a Garwa, zaune kan kujerar tsuguno. Tsakiyarta ta lotsa, ƙafafunta sun yi baƙi ƙirin da hayaƙi, ɗaya ma da ƙusa aka riƙe ta. Da ribar ƙosan nan take zubin adashi, mu 'ya'yanta muka cika sauran.

Da na ce, "Inna, kin samu kujera," sai ta ajiye matsami, ta ce in sake faɗa. Na sake. Ta rufe fuska da gefen mayafi.

A ƙasar nan in an ce kujera, hankali kan tafi ga 180 ɗin nan na majalisar dokoki a Yawunde, ko ta magajin gari, waɗanda ake ɓata zumunci a kansu. Ni dai ta jirgin alhazai nake roƙa wa kowace uwa.

Ta ce duk wanda ta taɓa ɓata wa rai ya yafe mata. Ku sa ta a addu'a, gwiwarta na damunta, ga ɗawafi da Safa da Marwa a gabanta.