Ranar da majinyaciya ta yi mini ƙaryar samun sauƙi

A shekarata ta uku ina aikin jinya ta hanyar tattaunawa, wata mata mai fama da ciwon damuwa ta zauna gabana a zamanmu na shida ta ce, "Likita, alhamdu lillahi na samu sauƙi, ba sai na dawo ba." Tana maganar tana murza igiyar jakarta, idonta a ƙasa. Na ji daɗi, na rubuta a fayil cewa ta warware. Bayan wata huɗu ta kira ni tana kuka. Ashe a wancan makon aka sallami mijinta daga aiki, kunya ta hana ta faɗa mini cewa kuɗin zama ya fi ƙarfinta. Matar da ta buɗe mini sirrin aurenta kaf, maganar aljihu ce ta gagare ta.

Laifin nawa ne. Ban taɓa tayar da zancen kuɗi da bakina ba, na bar wa sakatariya, wai don kada a ce ina ciniki da ciwon mutane. Tun 1913 Sigmund Freud, mashahurin likitan nan na nazarin tunanin ɗan Adam, ya rubuta cewa mutane na ɓoye-ɓoye a kan kuɗi kamar yadda suke yi a kan jima'i, ya ce likita ya yi maganar a fili. Na karanta wannan a makaranta, ban ɗauka da ni ake ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ɓangarena. Akwai wani mutum mai hali da ba ya fashin biya. Matsalarsa ta lafa tuni, amma na ci gaba da ba shi lokaci mako-mako, ina ce wa kaina akwai sauran aiki. Kuɗin hayar ofis ne sauran aikin. Sai da wata abokiyar aikina ta tambaye ni, "Da kyauta kake ganinsa, da yanzu ba ka sallame shi ba?" Na rasa amsa. Majinyatan da inshora ke biya wa kuɗin zama kuma nasu daban ne: an ƙayyade musu yawan zama, sai ka ga mutum yana kallon agogo, minti hamsin ɗin zaman yana lissafa shi kamar awo, yana tsallake ainihin abin da ya kawo shi.

Yanzu tun zaman farko nake faɗin kuɗin da kaina, da abin da zai faru idan mutum bai zo ba. Na ware gurabe kaɗan masu rangwame, iya waɗanda zan ɗauka ba tare da na riƙa jin haushin mai su a ɓoye ba. Duk wanda ya ce ya warke farat ɗaya, nakan tambaye shi ko wani abu ya sauya a samunsa.

Matar nan ta dawo. Muka mayar da zaman sau ɗaya a mako biyu, a rabin kuɗi, na riƙa ba ta aikin rubutu tana yi a gida. Zamanmu na farko bayan dawowarta, kusan rabinsa a kan bashin da ake bin mijinta ya ƙare.