Dare na tara da na'urar numfashi

Yau ma ƙarfe uku da 'yan mintuna na farka, kamar mun yi alkawari da wannan lokacin. Harshena ya manne da ganɗa, maƙogwaro ya bushe ƙamas, ko yawun da zan haɗiya babu. Na shafa fuskata na ji wayam. Takunkumin yana can ƙasa gefen gado yana ta huci shi kaɗai, ni kuwa ban san sa'ad da hannuna ya fizge shi ba. Daren jiya shi ne na tara tun da na fara kwana da na'urar nan mai hura iska, wadda likitoci ke kira sifaf. A cikin taran nan, sau biyu kacal gari ya waye mini da abin a fuska.

Na zauna bakin gado na sha ruwa. Zuciyata ta ce in kashe na'urar kawai in kwanta yadda na saba shekara da shekaru. Har na miƙa hannu, sai uwargida ta yi magana ba tare da ta juyo ba: "Maigida, mayar da shi mana, dare ya kusa ƙarewa." Ashe idonta biyu. Na ce mata bakina ya bushe, cikina kuma ya cika da iska. Ta ce ta sani, amma tun da na cire ta ji na koma halina na da: minshari, sai shiru ɗif, sai in zabura ina jan numfashi kamar wanda aka tsamo daga ruwa. Ban ce komai ba, na ɗauko takunkumin na mayar.

Gaskiyarta ne, kuma likita ya faɗa mini hakan tun ranar farko. Barcin da ake mafarki a cikinsa ya fi yawa a ƙarshen dare, a lokacin ne kuma naman jiki yake sakewa sosai, har da na maƙogwaro da tushen harshe. Wato sa'o'in da nake yar da takunkumin su ne waɗanda na fi bukatarsa. Wannan ya tsaya mini a rai duk yinin yau.

Watanni biyu ke nan da aka yi mini gwajin barci. An liƙa mini wayoyi a kai da ƙirji, an maƙala wani ɗan abu a yatsa yana auna iskar oksijin da ke cikin jini, aka ce in yi barci. Sakamakon ya nuna numfashina yana ɗaukewa ko ya ragu ƙwarai fiye da sau 30 a kowace awa. Ba a ma ƙirga ɗaukewar sai ta kai daƙiƙa 10. Likita ya zana mini matakan a takarda: daga 5 zuwa 15 ciwon mai sauƙi ne, daga 15 zuwa 30 matsakaici, abin da ya haura 30 kuwa mai tsanani. Na yi lissafi da kaina a nan gabansa, in na yi barcin awa bakwai, sama da sau 200 ke nan hanyar iskata take toshewa, ƙwaƙwalwa ta tashe ni na ɗan lokaci in buɗe ta, in koma barci ban sani ba. Nan na gane inda ciwon kan safiya yake fitowa, da fitsarin dare sau uku sau huɗu, da hawan jinin da ya ƙi jin magani. Amma abin da ya kai ni asibiti shi ne ranar da barci ya sace ni ina riƙe da sitiyari a gaban danja, da yara biyu a bayan mota. Ba na son tunawa da ranar. Sai dai duk lokacin da na ji zan haƙura da na'urar, ita nake tunawa.

Da gari ya waye na duba madubi. Karan hancina ya yi ja, fatar ta ɗan saluɓe a daidai inda robar ke zama. Idona na hagu ma ya kaɗa, yana mini kamar da yashi a ciki. Ciki kuwa ya yi tim, na yi ta gyatsa, sai da na yi 'yar tafiya a tsakar ɗaki iskar ta sami hanyar fita sannan na ji dama. Allon na'urar ya nuna awa 5 da minti 10, ɗaukewar numfashi ƙasa da sau 5 a awa, amma yoyon iska ya yi yawa. Na daɗe ina kallon lambar tsakiyar nan. Daga sama da 30 zuwa ƙasa da 5. Aikin da aka kawo ta ta yi tana yinsa, jikina ne bai saba da ita ba tukuna.

Autata ta tare ni a ƙofa ta ce, "Baba, wa ya ji maka ciwo a hanci?" Shekaran jiya ta leƙo ɗakin da daddare ta gan ni da tiyo a fuska, ta koma da gudu tana kuka, ta zaci ciwon ajali nake yi. Tun daga ranar nake ɓoye abin a cikin durowa da rana, kuma yau na ga ban kyauta ba. Na kira ta, na kunna na'urar, na ɗora takunkumin a tafin hannunta ta ji iskar. Na ce mata maƙogwaron Baba ne yake rufewa in ya yi barci, wannan iskar ce take riƙe shi a buɗe. Ta ce, "Ba allura a ciki?" Na ce babu. Ta yi dariya ta fita. Ni ma sai na ji wani nauyi ya sauka daga kaina, domin in faɗi gaskiya, kunya tana cikin abin da ke damuna. Magidanci ya kwanta gaban iyalinsa da igiyoyi a kai da tiyo a hanci, abin ba ya da daɗi a zuciya ko da babu wanda ya ce uffan.

A wurin aiki jikina a mace yake har wajen sha ɗaya. Na ɗauka daga daren farko zan tashi garau kamar an sake haihuwata, saboda haka na ji wasu suna faɗa. Ni ban samu haka ba. Sai da rana ta yi sannan na lura da abu biyu: yau ban sha maganin ciwon kai ba, kuma jiya ƙishirwa ce ta tashe ni, ba fitsari ba.

Da yamma na je sashen masu lalurar barci, ɗauke da na'urar da komai nata a jaka. Da na so in bari sai ranar da aka ba ni, nan da mako uku, uwargida ce ta ce ciwon hancin ba zai jira mako uku ba. Ma'aikaciyar da na tarar ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Malam, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sa shi yadda kake sawa a gida in gani." Na sa, na ja igiyoyin tamau yadda na saba. Ta girgiza kai. Ashe ni nake ji wa kaina ciwo. Robar bakin takunkumin an yi ta ne don iska ta ɗan kumbura ta, ta kwanta a kan fata da kanta. In aka matse ta sai ta lanƙwashe, iska ta sami kafa ta tsere, mutum ya ji yoyo ya ƙara matsewa, yoyon ya ƙaru, fata ta saluɓe. Iskar da ke tserewa ta sama kuma ita ce take busar mini da ido. Ta sa na kwanta a gadon gwaji, ta kunna na'urar, sannan ta daidaita igiyoyin ina kwance, domin yanayin fuska yana canzawa in mutum ya kwanta. Ta auna hancina ta ce girman da aka ba ni ma ya yi mini yawa, ta canza mini da sabo. Wanda ya miƙa mini na'urar ranar farko bai auna komai ba, cikin minti goma ya nuna mini maɓallin kunnawa ya sallame ni. Raina ya ɓaci da na tuna dare tara da na sha wahala a kan abin da awo ɗaya zai magance.

Bushewar baki ce muka fi daɗewa a kanta, kuma bayanin ya shige ni. Takunkumina na hanci ne kaɗai. In barci ya yi nauyi haɓata tana sakewa, baki ya buɗe, iskar da ta shiga ta hanci ta fice ta baki, ta kwashe duk danshin da ke hanya. Hancin da iska ta busar yakan kumbura daga ciki ya toshe, hancin da ya toshe kuwa dole ya sa a buɗe baki. Haka abin yake ta zagayawa har ya kai ni ƙarfe uku. Ta ƙara ɗumin ɗan tankin ruwan da ke jikin na'urar don iskar ta riƙa zuwa da danshi, ta ce in riƙa fesa ruwan gishiri na hanci kafin kwanciya, ta kuma ba ni maɗaurin haɓa in gwada na mako ɗaya. In bai yi ba, za a canza mini takunkumi mai rufe hanci da baki tare. Ta gargaɗe ni cewa in an ƙara ɗumi a ɗaki mai sanyi, tururin yakan koma raɓa a cikin tiyo har a ji yana ƙara ko ya ɗigo a fuska. Maganinsa a ajiye na'urar ƙasa da tsayin kai, a kuma tura tiyon ƙarƙashin bargo. Na tambaye ta ko in shafa basilin a ciwon, ta ce a'a, mai irin wannan yana lalata robar kuma yana sa ta zamewa.

Maganar kumburin ciki ta ce sai likita. Iska ce nake haɗiya, wani ɓangarenta yana bin hanyar abinci maimakon ta huhu, kuma yakan faru in ƙarfin iskar ya fi abin da jiki ke bukata a wannan lokacin. Na'urorin nan suna aiki ne tsakanin 4 da 20 a ma'aunin ƙarfin iska da ake kira sentimita na ruwa. Tawa a lamba ɗaya take tsaye duk dare, amma akwai tsarin da na'urar ke ragewa da ƙarawa da kanta gwargwadon yadda maƙogwaro yake. Ta rubuta wa likita, ta ce kada in taɓa lambar da kaina. Kafin nan in ɗan ɗaga kai da matashi, in kuma daina cika ciki dab da kwanciya. Abu ɗaya da ta kunna mini a take shi ne sassaucin fitar da numfashi, wato iskar ta ɗan ja baya duk lokacin da nake fesarwa. Na gwada a nan, na ji bambancin tun a numfashi na uku. Da ma wannan ne abin da ke tayar mini da hankali a farkon dare: in ji ina tura numfashi wani abu yana turo shi, ƙirji ya ɗauki bugu, in ji kamar an danne ni.

Ina shirin fita na tambaye ta ko awa biyar ta isa. Ta ce akwai ma'aunin da masu inshorar lafiya a Amurka suke bi, awa 4 a dare, a kashi 70 cikin ɗari na darare, kuma ya bazu har wasu suna ɗauka shi ne magani. Amma maƙogwaro bai san da wannan lissafin ba. Duk mintin da na yi barci babu takunkumi, toshewar tana nan yadda take.

Da na dawo gida na wanke robar da ruwan ɗumi da sabulu mai laushi, na shanya ta a inuwa. Ina jiran ta bushe na zauna ina karanta tarihin na'urar. Wani likita ne a Sidni ta ƙasar Ostareliya, Colin Sullivan, ya fara gwada ta a 1980, ya kuma buga sakamakon marasa lafiya biyar a mujallar likitoci ta Lancet a 1981. Injin tsotsar shara aka juya ya koma hura iska, abin hancin kuwa manna shi ake yi a fuska da wani irin danƙo. Kafin wannan, mai ciwo mai tsanani irin nawa huda masa maƙogwaro ake yi a wuya don iska ta kauce wa inda ke toshewa. Na shafa wuyana da na karanta haka. Mutanen farkon nan sun kwana da ƙarar inji da danƙo a fuska saboda sun san abin da suke gudu. Tawa ko ƙara ba ta yi sosai.

Bayan an ci abinci na bi shawarar ƙarshe da aka ba ni, na sa sabon takunkumin ina zaune a falo idona biyu, na'urar a kunne, na minti ashirin. Yaran suna ta harkarsu, auta ma ta zo ta zauna kusa da ni tana riƙe da tiyon. Mintuna biyar na farko ƙirjina ya buga kamar kullum. Na ƙirga numfashi, na bar kafaɗuna suka sauka, can sai na tsinci kaina ina sauraron hirarsu na manta da abin da ke fuskata.

Yanzu ƙarfe goma da rabi. Na wanke fuska, na fesa ruwan gishiri, na cika tankin da tataccen ruwa har layin da aka zana. Ɗazu muna gyara shimfiɗa uwargida ta gaya mini abin da ba ta taɓa faɗa ba. Ta ce a dararen nan biyu da na kai safe da takunkumin, ita ce ta kasa barci, saboda shekara goma sha ta saba da cewa in na yi shiru to numfashina ne ya tsaya. Sai ta tashi ta ɗora hannu a ƙirjina ta ji yana hawa yana sauka, sannan ta koma ta kwanta. Na roƙe ta in ta ji na cire yau ta tashe ni ko ƙarfe nawa ne. Ta ce to. Maɗaurin haɓar yana nan kan matashi, bari in sa shi in ga yadda za mu kwana.