Talata, 9 ga Afrilu 2019: Daren da Virginia Ta Wanke Kunyar Bara

Ƙararrawar wayata ta buga da ƙarfe biyu na dare, kuma da ƙyar na ɗaga kaina daga matashi, domin zafin Afrilu na Kano bai bar ni na yi barcin kirki ba, ga shi tun bayan sallar isha'i aka ɗauke wuta. Na ɗauki kwamfutata, wadda na cika da caji tun da rana saboda wannan dare, na shimfiɗa tabarma a tsakar gida inda ake samun 'yar iska, sannan na tashi ƙanena, wanda ya roƙe ni kada in kalli wasan ba tare da shi ba. Wasan ƙarshe ne na gasar ƙwallon kwando ta jami'o'in Amurka, tsakanin Virginia da Texas Tech, a birnin Minneapolis, a gaban 'yan kallo sama da 70,000.

Ƙanen nawa mutumin ƙwallon ƙafa ne, don haka kafin a fara ya ce, "Yaya, me ya sa kake wahalar da kanka a kan wasan 'yan makaranta?" Na gaya masa cewa jami'o'i 68 ne ke shiga, kuma tsarin sili-ɗaya-ƙwale ne, babu zagaye na biyu da za a je a rama, shi ya sa Amurkawa suke kiran gasar da sunan da ke nufin haukan watan Maris. A wancan lokacin 'yan wasan ɗalibai ne da ba a biyan su albashi sai tallafin karatu, kuma da yawa daga cikinsu idan aka fitar da su a shekararsu ta ƙarshe, sun rabu da rigar ke nan har abada.

Abin da ban gaya masa ba, domin ya riga ya sani, shi ne bashin da nake bin wannan gasa tun bara. A ranar 16 ga Maris 2018, a birnin Charlotte, Virginia ta shiga fili a matsayin ta ɗaya a duk ƙasar, ta gamu da UMBC, wata ƙaramar jami'a daga jihar Maryland da aka ba lamba ta 16, wato ta ƙarshe a rukuninsu. Sau 135 ana irin wannan haɗuwa tsakanin ta ɗaya da ta 16, kuma babba bai taɓa faɗuwa ba. An tafi hutun rabin lokaci 21 da 21, aka dawo UMBC ta yi musu dukan kawo wuƙa, aka tashi 74 da 54. Wani abokin aikina da ya san inda zuciyata take ya shafe shekara guda yana gaishe ni da waɗannan lambobi biyu a maimakon ina kwana.

Bana ma hanyar ba ta zo da sauƙi ba. A wasan farko Gardner-Webb, ita ma mai lamba 16, ta ba su ratar maki 14 kafin su farfaɗo, kuma ina jin a wannan mintunan kowane ɗan wasansu ya sake ganin Charlotte a gabansa. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne wasansu da Purdue, ranar da Carsen Edwards shi kaɗai ya zuba musu maki 42. Saura daƙiƙa shida ba cika ba ana bin su maki uku, Ty Jerome ya ci jifan kyauta na farko ya ɓarar da na biyu, Mamadi Diakite, ɗan ƙasar Gini mai rinannen gashi, ya doke ƙwallon ta yi baya can tsakiyar fili, ƙaramin yaron nan Kihei Clark ya bi ta a guje, kuma maimakon ya yi jifan neman sa'a daga nesa kamar yadda kusan kowa zai yi, sai ya ɗaga kai ya hango Diakite ya cilla masa, shi kuma ya saka ta daidai lokacin da agogo ya cika, aka yi kunnen doki, suka je suka ci wasan a ƙarin lokaci. Da Auburn kuwa, Kyle Guy ne ya tsaya a layin jifan kyauta saura ƙasa da daƙiƙa ɗaya, ya jefa uku a jere duka suka shiga, aka tashi 63 da 62.

Wasan na yau ya fara a daskare, domin ƙungiyoyin biyu duk gwanayen tsaron gida ne, kuma mintuna suka yi ta wucewa kwando yana hutawa, har ƙanena ya fara gyangyaɗi. Daga baya hannuwa suka warware. Virginia ta tafi hutu da 32 da 29, ta kai ratar maki goma bayan an dawo, na fara sakin jiki, sai Texas Tech ta yi ta cin ratar kaɗan-kaɗan har ta wuce gaba da 68 da 65 saura daƙiƙa kusan ashirin. A nan intanet ɗin ya tsaya cak, hoton ya ƙame a kan fuskar kocin Virginia, Tony Bennett, ni kuma na ɗaga wayar da nake jawo intanet ɗin da ita sama ina zagaya tsakar gida kamar mai neman wata. Da hoton ya dawo, Jerome ya kutsa ƙarƙashin kwando, masu tsaro suka yi kansa, ya miƙa wa De'Andre Hunter a kusurwar dama, Hunter ya jefa mai maki uku ta shiga, 68 da 68. Ihun da na yi ya sa uwargida ta leƙo ta taga ta ce, "Malam, lafiya dai ko?" Na ce lafiya lau, ta ce to a tuna da maƙwabta.

Wannan Hunter ɗin bara bai buga wasan UMBC ba, domin ya karye a wuyan hannu ana gab da fara gasar, yana zaune a benci yana kallo aka yi musu abin da aka yi. Yau shi ya ci maki 27, mafi yawansu bayan hutu. A ƙarin lokaci na minti biyar Virginia ta samu jifan kyauta 12 ba ta ɓarar da ko ɗaya ba, aka tashi 85 da 77, kofinta na farko a tarihi.

Ba zan rubuta a nan cewa haƙuri kaɗai ya kawo kofin ba, domin akwai rabo a ciki. A wasan Auburn, Jerome ya yi laifin riƙe ƙwallo da sake buga ta a ƙasa, alƙalan wasa ba su hura ba, kuma da sun hura da wani labarin ake yi yau. A daren nan ma sai da aka duba bidiyo aka ga ƙwallo ta shafi ɗan yatsan Davide Moretti na Texas Tech kafin ta fita, aka mayar wa Virginia ita saura minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi. Abin da ya burge ni shi ne abin da suka yi da kunyar a cikin watanni goma sha uku. Jami'ar ba ta kori koci ba, shi kuma bai watsar da salonsa na wasa a hankali da matse tsakiyar gida ba, duk da cewa masana sun yi ta cewa irin wannan salo ba ya cin kofi. Guy ya ɗauki hotonsa na ranar da aka doke su, kansa a sunkuye, ya sa a shafinsa na Twitter ya bar shi a can, ya kuma fito fili ya yi maganar ciwon fargaba da yake fama da shi. Yau shi aka zaɓa gwarzon gasar.

Da aka nuna 'yan Texas Tech suna fita da tawul a ka, sai na tuna Hakeem Olajuwon, ɗan Legas, wanda ya kai wasan ƙarshe da Jami'ar Houston a 1983 da 1984 ya rasa duka biyun, na farkon ma a daƙiƙar ƙarshe a hannun jami'ar NC State. Na ba ƙanena labarin yayin da 'yan Virginia suke hawa tsani ɗaya bayan ɗaya suna yanke ragar kwando da almakashi, kowa da ɗan guntun zarensa. Kafin su gama cajin kwamfutar ya ƙare, jim kaɗan kuma aka yi kiran assalatu.

Na isa ofis ido jajir, na sha shayi kofi biyu bai yi mini maganin komai ba. Abokin aikin nan nawa ya shigo wajen ƙarfe tara, ya tsaya a bakin teburina, na jira in ji lambobin da ya saba. Sai ya ce, "Malam, ina kwana, ya gajiyar kallo?" Na amsa masa, na kuma rubuta 85 da 77 a 'yar takarda na ajiye masa a kan fayil ɗinsa. Da yamma na tarar da ƙanena ya ɗaure tsohon bokitin roba da ya fashe a gindi a jikin bishiyar darbejiya ta ƙofar gida, yana jifa da ƙwallon ƙafarsa daga kusurwar dama, yaran unguwa suna ƙirga masa. Cikin goma da na tsaya na gani, biyu suka shiga.